Sandunan ɗakin Kaka, daga ina suka fito?

10 Nuwamba 2024

Na buɗe wannan rubutu ne don kar abin ya watse mini a ka, kuma 'yan uwa na Yamai da na Kano sun dame ni da tambaya a WhatsApp, to ga shi nan kowa ya riƙa bi. Da aka zo gyaran rufin tsohon ɗakin Kaka a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram (Zinder) bayan ɓarnar damina, magina sun sauko da wani ƙunshi daga tsakanin azara, an naɗe shi da tabarmar kaba, ciki sanduna ne da kulake guda 7. Tun muna yara ake ce mana akwai kayan yaƙi a gidan nan na zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, yau dai ga su a hannu, kuma ni ina son in san kowanne daga ina ya fito, wace ƙasa, wane itace, hannun wa ya sassaƙa shi.

Sarki Tanimu ya rasu a 1884, ke nan in maganar gida gaskiya ce kowane ɗaya a cikinsu ya haura shekara 140. Ba abin mamaki ba ne itace mai tauri ya kai haka a busasshen wuri irin namu, amma ba a karɓar magana don kawai tana da daɗin ji.

Abin da na yi yau kaɗan ne. Na hana yara wanke su (Inna har ta ɗauko man gyaɗa wai a shafa musu su yi ƙyalli, na ce Inna don Allah ki bari, dattin nan shi ne shaidar), na ɗaura wa kowanne 'yar takarda da zare na sa lamba, na auna da metir na tela, na ɗauki foto gaba da baya da kai da gindi. Lamba 1 kulki ne gajere, santimita 54, kansa dunƙule, launinsa ja mai duhu. Lamba 2 baƙa ce wuluk, sumul, santimita 92, nauyinta ya fi ƙarfin girmanta. Lamba 3 ita ce mai kwalliya, doguwa har kafaɗa, da fata a mariƙa da waya a naɗe da wani ƙarfe rawaya a gindi. Sauran akwai ƙere mai lanƙwasa, da gora, da wani mai rami a ka, da siririya mai kan ƙugiya irin ta tsofaffi.

14 Nuwamba

Na sa foton lamba 1 a Google Lens, manhajar da ke nemo abin da ya yi kama da foto. Kai jama'a. A minti ɗaya ya kai ni Afirka ta Kudu wajen Zulu, ya dawo da ni Kenya wajen Masai da rungu ɗinsu, ya wuce da ni har tsibirin Fiji inda suke da kulkin jifa da ake kira ula, kuma duk sun yi kama da namu in ka kalle su daga nesa. Ƙanena har ya fara murna wai muna da kayan Fiji a Damagaram.

Matsalar ita ce kulki mai dunƙulen kai kowa ya ƙirƙiro shi a ƙasarsa ba tare da ya ga na wani ba, duk inda mutum ya tumɓuke ƙaramar bishiya da saiwarta ya ga gindin ya fi nauyi to ya samu makami. Sura kaɗai ba za ta kai ka ko'ina ba. Sai ka matso kusa bambancin yake fitowa, na Fiji mariƙarsa tana da zane mai gicciye da aka sassaƙa sosai, kan kuma sau da yawa an tsaga shi ɓangare-ɓangare, na Zulu kansa zagaye ne tas kuma akan saƙa masa wayar tagulla da ta jan ƙarfe da tsari, rungu na Masai kansa yakan karkata gefe da ɗan tsini a samansa. Namu ba shi da ko ɗaya. Na rufe wayar, masu sana'a zan nema.

28 Nuwamba, Alhamis

Yau aka yi aiki na gaske. Na ɗauki lamba 1, 4, 5 da 6 a buhu na hau kabu-kabu zuwa wajen masassaƙa ta gefen kasuwar Dole, inda ake sayar da turame da taɓare da ƙotoci. Wani dattijo aka nuna mini, yana zaune yana fere ƙotar fartanya da gizago, na gaishe shi na ce Baba kaya na kawo ka duba mini, ba na sayarwa ba ne. Bai ce komai ba ya miƙo hannu.

Yadda ya duba lamba 1 ya burge ni. Bai fara da ido ba, sai ya ɗaga shi ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa ya saurara, ya goga babban yatsa a gindin da ƙarfi har wurin ya yi ɗumi sannan ya shinshina. Ya ce kirya ce. Na ce Baba ta yaya, ya ce yaro itacen da maƙera ke neman gawayinsa, wanda muke taɓarya da shi, gara ma tana jin tsoronsa, shi zan kasa ganewa? Sannan ya juyo da kan kulkin wajen rana ya nuna mini yadda jijiyar itacen take murɗawa tana zagaye dunƙulen, ya ce wannan ba daga gungume aka fere shi ba, daga mahaɗar reshe da uwar bishiya aka cire shi, shi ya sa ko dutse ka buga ba zai tsage ba. Wanda aka fere daga gungume jijiyarsa miƙe take tun daga mariƙa har ka, bugu kaɗan kan yake ɓallewa. Ya ce duk wanda ya yi wannan don amfani ya yi shi, ba don ado ba.

Ya kuma sa na shafa jikin sandar da idona a rufe. Akwai ƙananan faffaɗan wurare jere da juna, sawun gizago ne da aka bi da wuƙa aka kankare, ba santsin takardar goge katako ba ne, kuma babu zoben da injin juya katako yake bari, babu ɗan ramin tsakiya a ƙarshen sanda inda injin yake kamawa. Wajen mariƙa kuwa sawun ya shafe gaba ɗaya, ya yi baƙi ya yi sheƙi, gefe ɗaya ya fi ɗaya lotsawa, wurin da tafin hannun dama yake zama. Wannan gumi ne da maiƙon hannu na shekaru, ba a yin sa da gaggawa.

Lamba 6 mai rami a ka, wanda Kawu ya rantse cewa wurin zuba dafi ne, Baba ya kalle shi ya yi dariya har da tari, ya ce ƙotar gatari ce ruwan ya fita, ga ma baƙin ƙuna a cikin ramin inda aka soka ƙarfe mai zafi. Aduwa ce. Kawu, ka yi haƙuri, haka aka ce.

Ƙeren shi ma na gida ne, irin na mafarauta da ake jifan zomo da zabi. Gorar kuwa ya ce ba tamu ba ce, gora ba ta fitowa a ƙasarmu mai yashi, daga kudu fatake suke kawo ta tun da can har yau, to wannan ba ta gaya mana komai sai dai cewa wani ya saya a kasuwa. Na ba shi jika ɗaya na goro, da ƙyar ya karɓa.

Abin lura, kirya tana nan daga Senegal har Sudan, don haka sanin itacen bai ce lallai a Damagaram aka yi shi ba. Amma ya kashe maganar Fiji da ta Kenya, kuma in ka haɗa itacen da irin sassaƙar da gidan da aka same shi, ni dai na rubuta a kaye na: lamba 1, ƙasar Hausa ko maƙwabtanta na kusa.

15 Disamba

Baƙar sandar nan, lamba 2, ita ta hana ni barci. Da na koma da ita wajen Baba masassaƙi ya daɗe yana juya ta, ya ce ba kanya ba ce, kanya ba ta cika yin baƙi haka tun daga waje har ciki ba kuma ba ta kai wannan nauyi, ya ce shi a wajen alhazan da yake ganin irinta.

To sai na yi lissafin lakwal. Ba na son in tsoma ta a ruwa, don haka na kai ta butik aka ɗora a sikelin awo, giram 590. Na zagaya ta da zare a wurare da dama na ɗauki matsakaici, santimita 8 da ɗan ɗoriya, tsawo 92, girman jikinta ya kama wajen santimita kubik 490. In ka raba nauyi da girma kana samun kusan 1.2, ruwa kuwa 1 ne, ma'ana wannan sanda in ta faɗa rijiya nutsewa za ta yi. Itatuwan da ke nutsewa bayan sun bushe ba su da yawa. Ga baƙi, ga nauyi, sannan a gindinta gefe ɗaya akwai wani ɗan siririn layi fari-rawaya wanda da na ɗauka tabo ne, ashe ragowar farin itacen da ke bayan ɓawo ne, inda baƙin ya tsaya cak farin ya fara ba tare da sun gauraya ba. Duk wannan ya dace da itacen da masana ke kira Dalbergia melanoxylon, wanda mutanen Sudan ke ce wa babanus, shi ne Turawa ke yin sarewarsu ta kilarinet da shi.

Da na faɗa wa Goggo, wadda ita ce babba yanzu a gidan, sai ta ce ai sandar Alhaji ce, wan Kaka, wanda ya tafi Makka a ƙasa ya yi shekaru bai dawo ba har aka fid da rai. Na ce Goggo me ya sa ba ki faɗa ba tun farko, ta ce wa ya tambaye ni, ku da kuka ce na Tanimu ne.

Hanyar alhazan ƙasa sananniya ce, daga nan a bi ta Barno ko ta Kanem a shiga Fort-Lamy wadda ta koma Njamena yanzu, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a bi Ubayyid zuwa Khartum da Omdurman, sannan bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutane suna tsayawa a hanya su yi noma ko ƙwadago a gonakin auduga na Jazira su tara guzuri, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan har yau. Kuma sandar babanus kaya ce da aka san kasuwar Omdurman da ita. Itacen yana fitowa a wasu wuraren Sahel ma ban da Sudan, don haka itacen kaɗai bai isa hujja ba, amma yanzu ina da abu biyu da ba su san juna ba suna nuna gabas, sikeli da Goggo. Wannan sanda ba ta yaƙi ba ce ma sam, ta dogarawa ce, gindinta ya cinye ta gefe ɗaya irin na mai tafiya.

4 Janairu 2025

Hunturu ya yi tsanani, na ji gorar ta yi ƙara da dare, da safe na ga tsagar da ke jikinta ta ƙaru. Na ɗauke su duka daga kusa da taga na naɗe da tsohon zanen auduga. Ban yi komai ba bayan wannan, aiki ya yi yawa.

19 Janairu

Lamba 3, mai kwalliya. Ƙarfen da ke gindinta na goge ƙurarsa da busasshen burushin haƙori kawai, sai ga lamba 12 ta fito a ƙasan. Ɗan Kawu ya sa a rukunin gida cewa an gano shekarar, 1912, kafin in ankara har an fara barka. Na kai wa wani maƙerin farfaru a unguwar Zango, yana gani ya ce gindin kwanson harsashi ne na bindigar farauta, 12 ɗin kuwa girman bakin bindiga ne, duk harsashin irin wannan bindiga haka ake buga masa ko yau ka saya. An cire abin da ke ciki an faɗaɗa bakin an kafa wa sanda don kar ƙasa ta cinye ta. Dabara ce da ake yi ko'ina.

Duk da haka kwanson ya yi mana amfani. Irin wannan harsashi sai bayan zuwan Nasara ya yawaita a nan, Faransawa kuwa a 1899 suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ɗaya bayan kashe Kyaftin Kazamaju na sojan Faransa a garin nan. To gindin sandar dai bai ga Tanimu ba.

Wayar ma ya duba. Ya ce in kalli kaurinta, daga farko har ƙarshe ɗaya ne babu inda ta yi ciki babu inda ta rame, wannan wayar inji ce, ta jan ƙarfe, irin ta tangaraho ko ta cikin tsohon dinamo. Wayar da maƙeri ya buga da hannu ko ya ja ta cikin rami tana da ɗan rashin daidaito, kana ganin sawu a jikinta. Kuma akwai zobe ɗaya fari a sama wanda na zata azurfa ce, ya kankara da farce ya ce alminiyam ne, mara nauyi, irin na tukunya. Alminiyam bai zama abin da talaka ke samu a nan ba sai can bayan yaƙin duniya na biyu. Ke nan ko a jikin ƙarfen kaɗai akwai zamani fiye da ɗaya.

Ya faɗi wata magana da na riƙe, ya ce kai kana tambayar shekarar sanda kamar rana ɗaya aka haife ta, alhali sanda mai daraja kowane mai ita sai ya ƙara mata wani abu.

2 Fabrairu

Na ga garin itace mai laushi a ƙarƙashin ƙeren, fari sabo, da ƙananan ramuka. Ramin da ya tsufa bakinsa baƙi ne, wannan farare ne, ƙwaron yana ciki yana aiki. Na ware shi daga sauran nan take. A gidajen adana kayan tarihi abin da suke yi shi ne su rufe abu a leda ruf su sa a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri na kamar mako guda, sannan a bar shi ya huce a hankali ba a buɗe ledar ba don kar raɓa ta sauka a kan itacen. Wani abokina mai sayar da ƙanƙara ya yarda in sa a firizarsa, saura kuran, wato wutar lantarki, ya ba mu haɗin kai. Masu cewa in zuba kananzir ko fiya-fiya, na gode, a'a, warin ba ya fita kuma yana ɓata launi.

16 Fabrairu

Na kai lamba 3 wajen dukawa. In dai fata ce Damagaram ba a gaya mata, tun zamanin ayarin Tarabulus jemammiyar fata da gashin jimina suna cikin abin da ake ɗauka daga nan a bi ta Agadas da Gat. Wani baduku mai shekaru ya karɓa, ya ce fata biyu ce ba ɗaya ba. Ta sama ja ce, fatar akuya, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, da ɗan baƙin zane a baki-baki, ɗinkin kuma da siririyar tsirkiyar fata aka yi shi ba da zare ba. Ya ce wannan aikinmu ne, ko a mafarki ya gan shi zai gane, irin ɗinkin da ake wa kube da linzami.

Sai ya ɗaga bakin jar fatar kaɗan da tsinke inda ta riga ta ɓalle, ya ce leƙa. A ƙasa akwai wata fata baƙa ƙirin, ta manne da itacen kamar tare suka tsiro, kuma duk zagayenta babu ɗinki. Ya ce fatar wutsiyar sa ce, ana zare ta ɗanya yadda take kamar safa a zura wa sanda, in ta bushe sai ta matse, ba mai cire ta sai da wuƙa. Makiyaya da mafarauta suna yi, kuma ba mu kaɗai ba, har can gabas da kudancin Afirka ana yi. Wannan ta ƙasan ta girmi ta saman nesa ba kusa ba, har ta cinye a wurin yatsu kafin a rufe ta da jar.

To yanzu lamba 3 ta zama hawa-hawa: itacen da fatar wutsiya su ne na farko, sanda ce ta aiki, daga baya wani ya ɗaukaka ta ya kai wa baduku a garin nan ya yi mata riga, aka naɗa waya aka kafa kwanso, can kuma wani ya ƙara zoben alminiyam. In akwai wadda za ta iya kaiwa zamanin sarakunan da a cikin bakwai ɗin, ita ce da lamba 1, amma itacen nake nufi ba kwalliyar ba. Baba masassaƙi yana ganin dargaza ce saboda yadda take lanƙwasa ta dawo, irin wadda Fulani ke so, sai dai fata da datti sun rufe inda zai duba da kyau kuma na ƙi a kankare.

9 Maris

Azumi ya sa na rage yawo, sai bincike a waya bayan tarawi in rezo ya yarda. Gidajen tarihi na Turai da yawa sun sa hotunan kayansu a intanet kyauta, Pitt Rivers na Oxford wanda aka kafa a 1884 yana da kulake birjik don shi mai gidan tun asali jera makamai yake iri-iri yana kwatanta su, akwai British Museum, akwai Quai Branly na Paris. Yana da amfani amma sai da hattara. Takardar da ke jikin abu yawanci inda Bature ya same shi take faɗa, ba inda aka yi shi ba, in ya saya a kasuwar Zinder sai ya rubuta Zinder ko da daga Barno ko Azbin aka kawo shi, garin da ayari ke sauka kuwa komai na ko'ina yana cikinsa. Sannan in ka ga an rubuta Sudan a takardar Faransawa sau da yawa Mali ake nufi, a ta Ingilishi kuma Sudan ta Khartum. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne takubba da masu da sirdi an rubuta su dalla-dalla, kulkin talaka kuwa layi ɗaya ne, "sanda, itace", shi ke nan, alhali yawancin dakarun da ke bin mahaya a ƙasa abin da ke hannunsu ke nan da baka.

Wasu sun ce me zai hana a yi gwajin karbon 14, wanda ake gano shekarun tsohon abu da shi, a huta. Akwai ɗakin gwajin a cibiyar bincike ta IFAN da ke Dakar wanda Cheikh Anta Diop ya kafa, amma ga kayanmu ba zai raba gardama ba. Gwajin yana faɗin lokacin da itacen ya daina girma ne ba lokacin da aka sassaƙa ba, kuma duk abin da ya faɗo tsakanin wajen 1650 da 1950 sakamakonsa yakan fito da zamani biyu ko uku a lokaci ɗaya, ba zai bambance maka 1870 da 1920 ba, wanda shi ne ainihin tambayarmu. Abin da yake iya yi da kyau shi ne ya tona asirin itacen da aka sare bayan 1955, saboda gwaje-gwajen bam na nukiliya sun ƙara karbon ɗin a iska. Ga tsada, ga sai an yanki itacen. Na ajiye wannan.

20 Maris

Labari ya fita, wani dillalin kayan da ya zo har gida da la'asar, ya yi gaisuwa mai tsawo sannan ya ce a nuna masa. Ya taya lamba 3 da lamba 2, sauran ko kallo ba su ishe shi ba. Na ce ba na sayarwa ba ne, kayan gado ne ba nawa ni kaɗai ba, kuma fitar da kayan tarihi daga ƙasa akwai dokar 1997 a kansa, sai da izini. Bai ji haushi ba, ya zauna muka yi hira, har ya buɗe jakarsa ya nuna mini wani kulki da ya ce shi ma an cuce shi da shi. Na gode masa da wannan don na koyi abu. Baƙin jikinsa ko'ina ɗaya ne, kai da mariƙa da tsakiya, har cikin lungun da hannu ba ya taɓa kaiwa, ga ɗan warin man takalmi da hayaƙi, da ya goga farin ƙyalle sai ga launi ya biyo. Ramukan ƙwaron ma miƙe suke duk girmansu ɗaya, da ƙusa aka yi su. Tsufan gaskiya ba ya rabuwa daidai, yana taruwa inda hannu ke kamawa da inda ƙasa ke ci, sauran wuraren ƙura ce kawai da bushewa.

Ya kalli siririyar mai kan ƙugiya, lamba 7, ya ce kwagiri ne na kanti, ya nuna mini ƙarshenta, cike take ba rami kamar gora, da ƙananan huda-huda kamar an tsattsaga da allura, itacen kuranga ne na daji mai ruwa, an gasa kan an lanƙwasa. Irin wanda ma'aikata da tsofaffin soja suke riƙewa zamanin da Zinder take babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926, da ma bayan nan. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da gilashin mai gyaran agogo.

6 Afrilu

An sha sallah lafiya. Ranar hawa na tsaya kusa da ƙofar fada, kowa yana kallon dawaki da masu algaita ni kuwa hannun dogarai da 'yan tauri da mafarauta nake bi da ido. Na ga kulake biyu ko uku masu irin kan lamba 1 sak, har da yadda ake huda gindi a sa madaurin fata a rataya a wuyan hannu, namu ma yana da wannan hudar, madaurin ne ya ɓace. Wani dattijon mafarauci da na tsayar na nuna masa foto a waya ya ce in zo gida da shi ya riƙe a hannu, shi ba ya magana a kan hoto.

Ƙeren ya fito daga firiza, na shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsa don in ga ko gari zai sake zuba, zuwa yanzu babu.

Inda aka tsaya ke nan: ƙotar gatari ta koma hannun Kawu tunda shi ya ce yana so, gora da kwagiri kayan kasuwa ne, ƙere na gida, baƙar sanda ta gabas ce ta hanyar alhazai, lamba 3 itacenta ya girmi rigarta. Na naɗi muryar Goggo a waya tana ba da labarin tafiyar Alhaji da sunayen garuruwan da ta ji yana ambata, zan rubuta su in bi su a taswira in ga ko Omdurman tana ciki. Bayan haka zan kai lamba 1 wajen mafaraucin nan, sannan in nemi ma'aikatan gidan tarihi na nan garin su ba ni dama in ajiye ta kusa da nasu in auna kai da tsawo da inda aka yi hudar. Wanda ke da tsohon kulki a gida a Mirriya, Magariya, Matamaye ko Gure, don Allah ya turo mini foto da metir a gefensa, kuma a ɗauki gindin da kyau, kar a wanke.